Sayit a Abuja ko jinga a unguwa: wanne ya fi wa sabon mai fenti?

Wani yaro da ya shekara huɗu yana riƙe mini tsani ya same ni a majalisa bayan isha'i. Ya tsuguna gefen benci ya ce, "Oga, wani ɗan kwangila ya ce in bi shi Abuja, akwai gidaje goma sha biyu a Lugbe da za a yi wa fenti. Ga kuma ƙanwar babarmu ta ce in yi mata gidanta na Ɗorayi a nan Kano, in na yi da kyau za ta haɗa ni da mutane. Wanne zan kama?" Na ce ya je sai da safe. Da safen ma ban iya ba shi amsa a taƙaice ba, domin na ci tuwon hanyoyin nan biyu, kowacce kuma ta ƙona mini baki. Abin da na faɗa masa shi zan zuba a nan, ko zai amfani wani da ya gama koyo yake tsaye a wannan mararraba.

A fara da yadda wuni yake tafiya, don a nan bambancin yake fara bayyana.

A sayit, wato wurin da kamfani yake babban aikin gini, yawanci a cikin ginin da kake yi wa aiki kake kwana. Kwali a ƙasa, jakarka matashin kai, tagar da ba a sa wa gilashi ba tana kwaso maka sauro. Ka yi asuba, ka sha shayi a bakin get, ƙarfe takwas kana kan bango. An riga an raba aiki: wannan sikirdin zai yi, wato shafe bango ya yi santsi kafin a sa fenti, wancan goge bango da samfefa, kai kuma rola. Kana iya yin sati guda ba ka taɓa komai ba sai silin. Ba ruwanka da sayen kaya, ba ruwanka da zaɓen kala, injiniya ya riga ya rubuta lambar kalar a takarda, mai sito zai miƙo maka bokiti ya rubuta sunanka. Da rana mai abinci ta zo da kulolinta da ɗan littafinta, ka ci ta rubuta, ranar Asabar ku yi lissafi. Ƙarfe biyar ko shida ka wanke buroshi. Kanka a sake yake, jikinka ne kawai ya san ya yi aiki.

Mai jinga a unguwa kuwa wayarsa ce take tashinsa. Kafin ya karya an kira shi ya zo Rijiyar Zaki ya duba gida. Ya je ya auna, ya yi lissafi, maigidan ya ce zai yi shawara. Daga nan sai Ƙofar Ruwa sayen kayan wani aikin, ciniki da mai shago, ciniki da mai adaidaita sahun da zai ɗauki bokitai. Ya isa gidan aiki wajen sha ɗaya, ya tsaya a zaure ana sallama, a jira matan gida su kimtsa kafin masu aiki su shiga. Sannan a fara janye kujeru da kwabet, a shimfiɗa leda a kan tayil. An yi rabin falo sai Hajiya ta leƙo ta ce, "Malam, wannan ai ba shi ne ruwan madarar da na ce ba, wannan ya yi ruwan ƙwai." Ka ce, "Hajiya, a bari ya bushe, zai washe." Wani lokaci gaskiya ka faɗa, wani lokaci addu'a kake yi. In ka ƙirga da kyau, rabin wunin mai jinga ba buroshi ne a hannunsa ba. Magana yake yi, da lallashi, da zirga-zirga. Wanda surutu da mutane yake gajiyar da shi ya san wannan tun kafin ya zaɓa.

Sai maganar kuɗi, wadda a kanta zan fi daɗewa, don ita take ruɗin yara.

In an faɗa maka abin da ake biya a wuni a Abuja, za ka ga ya fi na Kano, kuma gaskiya ne ya fi. Amma ka tambayi kanka hannu nawa kuɗin zai bi kafin ya iso naka. Mai gidajen ya biya kamfani, kamfani ya biya babban ɗan kwangila, shi kuma ya yanka wa ƙaramin ɗan kwangilar da ya ɗauki fenti, sannan kai. Ko'ina aka samu tsaiko a wannan layi, kai ne na ƙarshe, kai ne kuma ba ka da takarda. A manyan ayyuka ma akwai al'adar riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, galibi biyar cikin ɗari, har sai an yi wata shida an ga aikin bai nuna matsala ba. Ɗan kwangila mai tsoron Allah a kansa yake ɗaukar wannan. Wanda ba shi da shi kuwa, a kan ma'aikata yake sauke shi.

Ni kaina na taɓa gama bene guda da wasu abokai uku, saura kwana biyar babbar sallah. Mutumin da ya kawo mu ya ce zai je banki ya dawo. Muka zauna a kan bokitan da muka juye muna jiransa har la'asar, muka kira, waya a kashe. Muka je wurin injiniya ya buɗe littafi ya nuna mana inda mutumin ya sa hannu ya karɓi kuɗin fenti cif tun sati biyu da suka wuce. Ya ce, "Ni ban san ku ba, shi na sani." Kuma bai yi ƙarya ba. Wayata na sayar na yi kuɗin mota. Tsakanin Abuja da Kano ya haura kilomita 400, duk tsawon hanyar nan ta Kaduna da Zariya ban ce wa kowa uffan ba.

Ba kowane ɗan kwangila ne haka ba. Na yi aiki da wanda duk Asabar kafin azahar alat ya shigo wayar kowa. Sai dai ba a gane su a fuska. Hanyar ganewa ɗaya ce: nemi wanda ya taɓa yi masa aiki ya kuma dawo masa karo na biyu.

A unguwa, wanda zai biya ka yana gabanka, ka san gidansa, ka san masallacin da yake salla. Kana karɓar kafin alƙalami kafin ka tsoma buroshi. Matsalar tana wurin ciko. Baƙo zai biya ka ya sallame ka. Wanda zai riƙe maka ciko wata takwas shi ne abokin babanka, ko mijin yayarka, ko limamin layinku, mutanen da in ka buɗe baki ka tambaya za a ce yaron nan ba shi da kunya. Na san masu fenti da hannunsu ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba, amma suka koma bin 'yan kwangila, saboda kawai bakinsu ba ya iya furta "Alhaji, maganar cikon nan." In kai irinsu ne, zaman kanka zai cinye ka tun jarinka bai tsaya ba.

Akwai kuma lissafi, wanda a sayit wani ne yake yi maka, a jinga kuwa kai ne. Ɗauki ɗaki ƙafa 12 da 12, tsayinsa ƙafa 10. Bangonsa huɗu sun tashi kusan murabba'in mita 45, in ka cire ƙofa da taga ka ce 40. Shafi biyu ya zama 80. Imolshin, wato fentin da ake sirkawa da ruwa, in mai kyau ne a kan bango mai santsi, lita ɗaya tana rufe wajen mita 8 zuwa 10, ke nan kana neman lita 8 zuwa 10, rabin bokiti mai lita 20. Amma in sabuwar filasta ce da ba a yi wa sikirdin ba, za ta sha fenti kamar raƙumi ya samu rijiya, lissafin nan ya rushe. In tsohon bangon kore ne shar za a mayar fari, shafi biyu ba zai rufe ba. Wanda ya yanka farashi bai shafa bangon da tafin hannunsa ba, daga aljihunsa zai cika.

Sannan akwai zaɓi a cikin jingar kanta: ka karɓi kuɗin hannu kawai maigida ya sayo kaya, ko ka ɗauka duka, kaya da aiki. Na biyun ya fi riba in kasuwa tana zaune. Amma duk wanda yake sana'ar nan a 2023 ya ga abin da ya faru bayan an cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu, aka kuma saki naira a watan Yuni. Yawancin sinadaran da ake haɗa fenti da su daga waje ake shigo da su, sai farashi ya riƙa tashi tsakanin ranar da ka yi jinga da ranar da za ka sayi bokiti na ƙarshe. A irin wannan lokaci ne shaiɗan yake raɗa maka ka ƙara ruwa, ko ka zuba fenti mai araha a bokitin Dulux ko Berger. Ranar da aka gama babu mai ganewa. Bayan damina ɗaya kowa zai gane. Ni tun daga lokacin, in zan ɗauki aiki da kaya, sai an ba ni kuɗin kayan gaba ɗaya na saye su a rana guda na ajiye a gidan mai aikin.

Ta fuskar koyo, a nan kam sayit ya yi wa unguwa fintinkau, kuma ba na jin kunyar faɗa. A unguwa za ka iya shekara goma kana juya imolshin da fentin mai da teskot, fentin nan mai kaushi. A Abuja na fara ganin injin feshi, a can na koyi yin sikirdin da za ka haska fitila a gefen bango ba ka ga tudu ba. A can na san fenti mai ɗan sheƙi da ake kira satin ba ya yafe wa bango mai lam'a, duk ramin da ka bari sai ya tona maka asiri. Na zauna da 'yan Togo da 'yan Benin masu aikin POP, wato adon silin na farar filasta, mutanen da za su ɓata awa guda a kan kusurwa ɗaya, na ga yadda suke ja da zare da ma'auni a inda mu muke cewa "ai ido ya isa." Ka kuma koyi sauri, don akwai wanda yake ƙirga ɗakunan da ka gama. Duk wannan in ka dawo da shi gida kuɗi ne, musamman yanzu da masu gini a Kano da Kaduna suke nuna maka hoto a waya su ce irin wannan suke so.

Abin da sayit ba zai ba ka ba shi ne suna. Ka yi wa gida hamsin fenti a Gwarinpa ko Lokogoma, babu ko mutum ɗaya cikin masu kwana a ciki da ya san kai ne. Allon da ke bakin get sunan kamfani ne a jiki. A unguwa kuwa kowane bango da ka taɓa yana ɗauke da sunanka, na alheri ko akasinsa. Akwai wani gida da nake bi ta gabansa kusan kullum. Maigidan yana sauri za a kawo amaryar ɗansa, filasta ba ta fi kwana goma ba. Na ce, "Alhaji, siminti yana son kamar sati huɗu kafin a rufe shi, in ba haka ba danshi zai turo fentin." Ya ce, "Kai dai yi, biki ba zai jira bango ba." Na yi. Bayan wata uku bangon ya kumbura, farin gishiri ya fito, fenti yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Babu wanda ya ce Alhaji ya yi gaggawa. Cewa aka yi aikin wane ne. Na koma na kankare na sake da kuɗina, don katangar tana kallon titi, kuma ta fi kowane allon talla magana.

Lokutan aiki ma sun bambanta. Mai jinga yana tafiya da kalandar gari. Goman ƙarshe na azumi kowa yana son falonsa ya yi haske kafin baƙin sallah, sai ka ga kana aiki da dare bayan tarawihi da fitilar caji. Bayan sallah da ƙarshen shekara ga ɗakunan amare, ana so ka gama yau gobe 'yan jere su shigo. Lokacin hutun makarantu masu makarantun kuɗi suna neman a gyara azuzuwa. Mai gidan haya kuma duk sanda ɗan haya ya tashi. Da damina ta kankama, Yuli da Agusta, aikin waje ya tsaya, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Da hunturu fenti yana bushewa da wuri, amma in ka shafa fentin mai a ƙofa iska ta taso, ƙura za ta manne masa ya zama kamar samfefa. A sayit kuwa kuɗin mai gini ne kalanda. In suna zuba, wata huɗu ba hutu. In suka tsaya, a rana ɗaya za a ce kowa ya tattara, ba sanarwa. Ka kuma tuna damina ta fi tsawo a Abuja, tun wajen Afrilu har Oktoba.

Jiki fa? Duk biyun suna cinsa. A sayit hatsarin ya fi girma, don benaye ne, wani lokacin a kan sikafol na gora da katako da aka ɗaure da waya kake tsaye hawa uku. In ka faɗo, abin da aka saba shi ne a kai ka asibiti a biya na ranar farko, daga nan sai 'yan uwanka. A unguwa tsani ne da durom, faɗuwar ba ta kai waccan ba, kuma kana kusa da gida. Ƙurar samfefa da warin tina, ruwan da ake sirka fentin mai da shi, kuwa ba su san Abuja ko Kano ba. Sa takunkumi, buɗe tagogi, kada ka wanke hannu da fetur sannan ka ci abinci. Gwangwanin madarar da muke sha bayan aiki muna cewa yana wanke ƙirji, daɗi kawai yake yi, ba ya fitar da abin da ya shiga huhu.

Yanzu zumunci, wanda yara ba sa sa shi a lissafi sai sun yi aure.

Mai fentin unguwa ba shi da ofis, majalisa ce ofishinsa. A wurin ɗaurin aure ake ce masa "af, dama ina nemanka." A zaman makoki wani zai ja shi gefe ya ce bayan addu'ar bakwai ya zo ya duba masa shago. Birkila da kafinta da mai wayarin da kuke shan shayi tare su ne suke jefa sunanka in maigida ya tambaya wa zai yi fenti, kai ma kana jefa nasu. Don haka zuwa suna da jana'iza da dubiya, ban da ladan da ke ciki, jari ne. Sai dai suna cin lokaci ba kaɗan ba. Asabar da Lahadi da safe ɗaurin aure, Juma'a rabin wuni ce, rasuwa kuma ba ta sallama. Za ka bar yara a gidan mutane ka ce minti talatin, ka dawo bayan awa uku ka tarar sun ɗiga fenti a kan kujerar Hajiya. Ga 'yan "taimaka ka ɗan shafa mini ɗakin nan," waɗanda ba su da niyyar biya tun farko. Masallacin layi kuwa kai ne mai fentinsa har abada, wannan ma ba a magana.

A sayit an ɗauke maka duk wannan, an kuma raba ka da shi. Za ka yi abokai da ba za ka taɓa samu a layinku ba, Tibi da Ibo da Yarbawa da Gwari, ka iya turancin buroka ko ba ka so. Wasu daga cikinsu har yau muna gaisawa, ɗaya ma ya taɓa turo mini aiki a Kaduna. Amma za a haifa maka ɗa ka ji a waya. Mahaifiyarka za ta kwanta asibiti ka turo kuɗi, ƙaninka ne zai kwana a wurinta. Kuma kuɗin da aka tara a baƙon wuri yana da ƙafa: kati, abinci saye sau uku, ɗan abin da za a aika gida duk sati, in ka kama ɗaki a Mararaba ko Zuba ga kuɗin mota safe da yamma. Da yawa sun dawo bayan shekara biyu da sabuwar waya da takalmi, babu ko tsani nasu na kansu. Waɗanda na ga sun dawo da abin kirki, adashi suka shiga tun satin farko, ko suka riƙa tura kuɗin wurin wanda ba ya jin kunyar hana su.

To wa ya kamata ya je ina? Ga yadda nake gani. Saurayin da bai yi aure ba, iyayensa suna da sauran ƙarfi, hannunsa bai gama faɗawa ba, ya tafi sayit. Shekara biyu ko uku, da niyyar koyo da tara kuɗin kayan aiki: tsani mai kyau, rololi, in hali ya yi ƙaramin injin feshi. Ya riƙa ɗaukar hoton duk aikin da ya yi da hannunsa. In ya samu sarari ya yi jarrabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago, wadda ake farawa daga mataki na uku a haura zuwa na ɗaya, don wasu kamfanoni da ma'aikatu suna tambayar takardar. Mai iyali kuwa, ko wanda shi ne babba a gidansu, ko wanda ya riga ya samu mutum biyar zuwa goma da suke kiransa kai tsaye, barin gari zai sa ya yi asarar abin da ya fi kuɗin wuni daraja. Kwastoman da ya kira ka sau biyu aka ce kana Abuja, karo na uku wani zai kira. Irin wannan ya zauna, ya koyi rubuta yarjejeniya ko a takardar littafin makaranta ce, in ayyuka sun fara girma ya yi wa sunan sana'arsa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, don ya iya neman aikin makarantu da ofisoshi.

Wanda kuma ba ya iya lissafi, ba ya iya tambayar bashi, ba ya jure ƙorafin mata a kan kala, kada ya ga kamar zama ƙarƙashin ɗan kwangila gazawa ce. Na san dattijon da ya yi shekara talatin yana bin mutum ɗaya, ya aurar da 'ya'yansa, ya gina gidansa, bai taɓa yin ciniki da maigida ko sau ɗaya ba.

Shi yaron nawa, na ce ya fara yin gidan ƙanwar babarsa, tunda aikin kwana tara ne, ya kuma faɗa mata kuɗinsa a gaban mijinta kafin ya buɗe bokiti. Sannan ya tafi Lugbe da sharaɗi biyu: biya duk Asabar, kuma kuɗin motar dawowa ya ba ni in riƙe masa, in ta ɓaci in tura. Ya yi hakan. Shekaranjiya ya kira ni da dare, ina jin ƙarar janareta a bayansa, yana tambaya ko sikirdin zai kama a kan bangon da aka taɓa yi wa fentin mai. Na ce sai ya kankare ya goge tukuna. Kafin ya kashe ya ce, "Oga, in ka bi ta Ɗorayi don Allah ka ɗan tuna wa Anti maganar cikon nan, ni na kasa."